Dinari Biyu Na Basamariye: Baiko Domin Masu Ciwon Ajali

Karatu: Luka 10:25-37, Matiyu 25:31-46
Ayar haddacewa: Matiyu 25:36

Mu ikkilisiya ce mai gaskata warkarwa. Muna ɗora wa marasa lafiya hannu, muna shafa musu mai, kuma kusan kowace Lahadi wani yakan miƙe ya ba da shaidar yadda Ubangiji ya tashe shi daga gadon ciwo. Halleluya! Ba za mu daina wannan ba har Yesu ya dawo.

Amma akwai wani ɗan'uwa da ba ma jin sunansa a lokacin shaida. Shi ne wanda likitoci suka kira danginsa gefe suka ce a koma da shi gida. An sayar da gona, an sayar da awaki, kuɗi sun ƙare, ciwo bai ƙare ba. Yana kwance a ɗakin baya, dare ya yi ba barci, maƙwabta suna jin nishinsa ta katanga. Masu zuwa gaisuwa sun ragu, domin sun rasa abin da za su ce. Wace hidima ikkilisiya take da ita ga wannan mutum? Baikon jinƙai na wannan wata dominsa ne, da dubban irinsa. Don haka ina roƙonka ka karanta wannan koyarwa a natse kafin ka sa hannu a aljihu.

Basamariye ya biya kuɗin jinya

Hanyar da ta tashi daga Urushalima zuwa Yariko gangara ce ta wajen kilomita 27 cikin duwatsu da kwazazzabai, wurin da 'yan fashi suke ɓuya. A nan Yesu ya ce aka tare wani mutum, aka tuɓe shi, aka bar shi tsakanin rai da mutuwa. Firist ya gan shi ya wuce. Balawe ya gan shi ya wuce. Dukansu biyu ma'aikatan Haikali ne, sun san Attaura. Wanda ya tsaya Basamariye ne, mutumin da Yahudawa ba sa ko cin abinci tare da shi.

Duba abin da ya yi ɗaya bayan ɗaya. Ya wanke raunukan da ruwan inabi da mai, magungunan da ake da su a zamanin. Ya ɗaure su. Ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, shi ya taka da ƙafa. Ya kwana yana jinyarsa a masauƙi. Da gari ya waye, tafiya ta kira shi, sai ya fitar da dinari biyu ya ba mai masauƙin, ya kuma ɗauki alkawarin biyan duk abin da aka ƙara kashewa. A Matiyu 20:2 mun ga cewa dinari ɗaya shi ne ladan ma'aikaci na yini guda. Ashe ladan kwana biyu ya ajiye, ya kuma bar bashi a wuyansa saboda baƙon da bai san sunansa ba.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: Luka bai gaya mana ko mutumin ya warke ba. Labarin ya ƙare yana kwance a masauƙi. Yesu bai ɗora yabon Basamariye a kan sakamakon jinya ba, a kan jinƙan da ya nuna ya ɗora shi. Haka kuma a Matiyu 25, inda Sarki yake raba tumaki da awaki. Abin da ya ambata game da marar lafiya shi ne an je an duba shi. Bai ce an warkar da shi ba. Warkarwa tana hannun Allah. Ziyara, da jinya, da biyan kuɗin magani, su ya sa a hannunmu, a kansu kuma zai tambaye mu.

Shin wannan rashin bangaskiya ne?

Na san tambayar da take zuciyar wasu. Idan muka tara kuɗi domin jinyar waɗanda ba a sa ran tashinsu, ashe ba mun yarda ke nan cewa addu'a ta kasa? Bari Littafi Mai Tsarki ya amsa.

Elisha ya ta da ɗan matar Shunem daga matattu, ta wurinsa aka tsarkake Na'aman daga kuturta. Amma 2 Sarakuna 13:14 ta nuna mana cewa shi kansa ya yi rashin lafiya, a cikinta kuma ya rasu. Ikon Allah bai rabu da shi ba, gama a aya ta 21 gawar da ta taɓa ƙasusuwansa ta farfaɗo. Bulus, wanda ake kai ƙyallayen da suka taɓa jikinsa wurin marasa lafiya su warke, ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya (2 Timoti 4:20). Ya kuma ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon cikin da yake yawan damunsa (1 Timoti 5:23). Wa zai ce Elisha ko Bulus ba su da bangaskiya?

Karin Magana 31:6 ta san akwai lokacin da ya kamata a ba mai baƙin ajali abin da zai rage masa azaba. Zabura 116:15 ta koya mana cewa mutuwar tsarkaka abu ne mai daraja a idon Ubangiji. Idan mai daraja ce a wurinsa, don me za mu bar ta ta zama abin ƙyama a ɗakin baya, cikin wari da kuka?

Ka tuna da Getsamani. A daren da baƙin ciki ya yi wa Ubangijinmu nauyi, abin da ya nema wurin Bitrus da Yakubu da Yahaya shi ne su zauna a faɗake tare da shi. Barci ya ɗauke su. Ka tuna da matar Betanya da ta fasa tulun turare mai tsada, wanda aka ƙiyasta ya haura dinari 300, ta zuba masa. Waɗansu suka ce asara ce. Yesu ya kāre ta, ya ce ta shirya jikinsa ne domin jana'iza (Markus 14:3-9). Har yau akwai masu cewa kuɗin da aka kashe a kan mai mutuwa asara ce. Ubangiji ya riga ya yanke wannan shari'a.

Saboda haka muna addu'ar warkarwa har numfashi na ƙarshe, muna kuma ba da maganin zafi tun daga rana ta fari. Hannun da ya shafa mai bisa ga Yakubu 5:14 shi ne kuma zai riƙe cokalin magani.

Mece ce kulawar sauƙaƙa raɗaɗi?

Ita ce jinyar da ake yi wa mai ciwo mai tsanani, kamar ciwon daji da ya yi nisa, ko ƙanjamau, ko ciwon ƙoda ko na zuciya da ya ƙi magani, domin a rage masa zafi, a kiyaye mutuncinsa, a kuma tallafi iyalinsa. Ƙungiya ko gidan da ke yin wannan aiki ga masu ciwon ajali shi ake kira hosfis. A lura da kyau: wannan jinya ba ta gaggauta mutuwa. Ba kashe majinyaci ba ce da sunan tausayi. Rai na Allah ne, shi kaɗai yake karɓar abinsa.

Wata Kirista 'yar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta yi aikin nas kafin ta zama likita, ita ta buɗe hosfis na zamani na farko, St Christopher's, a Landan a 1967. Ta koyar cewa zafin mai ciwon ajali ba a jiki kaɗai yake ba. Akwai na zuciya, wato tsoro da baƙin ciki. Akwai na iyali, wato tunanin wa zai riƙe yara, wa zai biya kuɗin makaranta. Akwai kuma na ruhu, inda mutum yake tambaya ko Allah ya yashe shi. Duk wanda ya taɓa kwana da majinyaci ya san gaskiyar wannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kowace shekara mutum miliyan 56.8 ne suke bukatar irin wannan kulawa, yawancinsu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, amma wajen kashi 14 cikin 100 ne kawai suke samu. Wani rahoton masana da mujallar likitanci ta Lancet ta fitar a 2017 ya nuna cewa rabin mutanen duniya, wato ɓangaren matalauta, ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na maganin zafi irin su mofin da ake rarrabawa a duniya. Ɗan'uwa, waɗannan ba lambobi ba ne kawai. Iyayen wasu ne, matan wasu ne, 'ya'yan wasu ne, kowannensu kuma cikin siffar Allah aka halicce shi.

Abin da Allah ya yi a Yuganda

Yuganda ƙasa ce mai ƙaramin ƙarfi a gabashin Afirka, wadda ƙanjamau ya yi wa mummunar ɓarna a shekarun 1980 da 1990. A 1993 wata likita mai suna Anne Merriman, haifaffiyar Liverpool a Ingila, ta fara aikin Hospice Africa Uganda a Kampala. Wannan baiwar Allah ba baƙuwar ƙasarmu ba ce, domin a ƙuruciyarta ta yi shekaru tana aikin likita a kudu maso gabashin Nijeriya tare da 'yan mishan na Katolika. Ta fara aikin Kampala da ma'aikata kaɗan, a wani ƙaramin gida na aro, da kuɗin da ba zai wuce na 'yan watanni ba.

Abin da ta kawo mai sauƙi ne. Tun tana aiki a Singafo ta tsara yadda za a haɗa garin mofin da ruwa mai tsabta da ɗan abin hana lalacewa, ya zama maganin sha mai araha. Ana zuba shi a kwalabe, a sa masa launi domin a bambanta mai ƙarfi da marar ƙarfi. Majinyaci yana sha ta baki duk bayan awa huɗu, a ɗakinsa, a hannun matarsa ko 'yarsa, ba sai an kwantar da shi a asibiti ba. Kafin ta fara sai da gwamnati ta yarda a shigo da garin mofin ɗin. Da yake likitoci ba su da yawa a karkara, a 2004 Yuganda ta gyara doka ta ba nas-nas da mataimakan likitoci da suka sami horo na musamman izinin rubuta wannan magani. Ita ce ƙasa ta farko da ta yi haka. Gwamnati kuma ta ɗauki nauyin kuɗin maganin, majinyaci yana karɓa kyauta. A 1998 aikin ya kai garuruwan Mbarara da Hoima. Likita Merriman ta rasu a Kampala a watan Mayu na 2025 tana da shekara 90, aikin kuma yana nan.

To idan maganin kyauta ne, ina amfanin baikonmu? Kwalba ba ta da ƙafa. Sai nas ta hau mota ta bi hanyar ƙauye ta kai ta, ta duba majinyaci, ta daidaita masa adadin da zai sha, ta koya wa iyali yadda za su juya shi don kada kwanciya ta ci masa baya. Sai an sayi mai, an biya albashi, an sayi auduga da safar hannu da bandeji. Gyambon daji mai wari, wanda yake korar mutane daga ɗaki, ana daka ƙwayar Flagyl a barbaɗa a kai, warin ya ragu, jikoki su iya dawowa su zauna kusa da kakarsu. Mofin yana ɗaure ciki, don haka ana haɗa shi da maganin sakin ciki, a can ma har da busassun 'ya'yan gwanda suke amfani. Wani gidan kuma ba abinci, sai an kai gari da wake. Yawancin waɗannan da gudummawa ake yin su. A Liverpool akwai masu sa kai da suke sayar da gwanjon kaya a shago, ribar tana tafiya ga wannan aiki. Tsofaffin riguna da kwanuka suna zama man motar da ke kai magani ƙauye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi uku da za a yi

Ta farko: ba wannan ne shaye-shayen da muke wa'azi a kansa ba? Mun san ɓarnar da kodin da tramol suka yi wa matasanmu, har gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Tsoron yana da dalili. Amma wuƙar da ke hannun ɗan fashi dabam take da wadda ke hannun likitan fiɗa. Mofin na majinyaci ma'aikacin lafiya mai horo ne yake rubuta shi, ana auna shi daidai da zafin mutum, ana kuma rubuta lissafin abin da ya fita. Kada kowa ya karanta wannan ya tafi kanti ya sayo wa majinyacinsa maganin zafi mai ƙarfi da kansa. A nemi likita.

Ta biyu: mu ma matalauta ne, muna da namu majinyatan, don me za mu aika wata ƙasa? Ikkilisiyoyin Makidoniya suna cikin matsanancin talauci lokacin da suka roƙi Bulus ya bar su su shiga taimakon tsarkaka na Urushalima, mutanen da ba su taɓa gani ba (2 Korantiyawa 8:1-5). Masu bi na Antakiya sun aika wa 'yan'uwa na Yahudiya taimako a lokacin yunwa, kowa gwargwadon ƙarfinsa (Ayyukan Manzanni 11:27-30). Bayan haka, aikin Kampala makaranta ne. Ma'aikatan lafiya daga ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya, suna zuwa can su koyi wannan jinya su koma gida da ita. A ƙasarmu ma an fara: tun 2007 akwai sashen wannan kulawa a asibitin koyarwa na Ibadan. Amma ba mu manta da na gida ba. Shi ya sa za a raba baikon wannan wata kashi biyu: rabi ga masu aikin hosfis a Yuganda, rabi ga asusun jinya na ikkilisiyarmu domin 'yan'uwa da maƙwabta da ke kwance a unguwanninmu, Kirista ko Musulmi. Basamariye bai tambayi addinin mutumin da ke kwance a hanya ba.

Ta uku, ita ce wadda ba a furtawa da baki: me zan samu? Mun saba jin cewa bayarwa shuka ce, gaskiya ne kuwa (2 Korantiyawa 9:6). Sai dai wannan iri ne da ba za ka ga girbinsa da wuri ba. Wanda ka taimaka mai yiwuwa ba zai taɓa tsayawa a gaban jama'a ya ambaci sunanka ba. Irin wannan bayarwa ce Yesu ya yaba a Luka 14:12-14, inda ya ce a kira waɗanda ba su da abin ramawa, sakamakon kuma yana jira a ranar tashin masu adalci. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ka yi tunanin uwa da ta yi makonni ba ta runtsa ba saboda zafi, ta sami barci, ta farka da hankalinta, ta kira 'ya'yanta ta sa musu albarka, ta yafe wa wanda ya ɓata mata, ta ji bishara ta amsa. Mutumin da azaba ta cika masa kai da ƙyar yake jin wa'azi. Idan zafi ya lafa, kunne yakan buɗe.

Yadda za mu bayar

Na ɗaya, ka auna da mudun Basamariye. Nawa kake samu a yini? Mai kabu-kabu ya sani, mai sayar da ƙosai ta sani, mai albashi ya raba albashinsa gida 30. Ka roƙi Ubangiji alherin ba da na kwana biyu. Wanda bai iya ba ya ba da abin da ya iya, da fara'a, ba da tilas ba. Wannan baiko ne na jinƙai, ba ya maye gurbin zakkarka.

Na biyu, ka riƙa warewa kowace ranar farko ta mako, kamar yadda Bulus ya tsara wa Korantiyawa (1 Korantiyawa 16:2), domin kada Lahadin ƙarshe ta same ka hannu wofi. Da yayyafi kogi kan cika. Iyaye, ku sa yara su ma su ajiye nasu, ku gaya musu dalili.

Na uku, sai an riƙe amana. Bulus bai ɗauki kuɗin tsarkaka shi kaɗai ba, ya tafi da 'yan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa domin kada a sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:18-21). Haka za mu yi. Dattawa za su ƙirga a gaban shaidu, a aika ta hanyar banki, a karanta lissafi a gaban ikkilisiya. Kana da 'yancin tambaya.

Na huɗu, zumunci a ƙafa yake. Kuɗi ba ya cire maka nauyin ziyara. Zumuntar mata, zumuntar maza, matasa, ku rubuta sunayen masu kwance a unguwarku, ku raba kwanaki. In ka je, kada ka ce masa zunubinsa ne ya jawo, ko bangaskiyarsa ce ta gaza. Abokan Ayuba sun fi amfani a kwana bakwai da suka yi shiru. Ka zauna, ka saurara, ka jiƙa masa leɓe da ruwa, ka karanta masa Zabura, ka yi addu'a gajeriya. Ka karɓi mai jinya ta samu ta yi wanka ta yi barci. Ka ɗebo ruwa, ka wanke zannuwa. Bayan jana'iza kuma kada ƙafarka ta ɗauke daga gidan.

Yakubu 2:15-16 ta gargaɗe mu game da sallamar mabukaci da fatan alheri kawai. Kada “Allah ya ƙara sauƙi” ya zama iyakar hidimarmu, alhali Allah ya sa sauƙin a aljihunmu.

Addu'a

Ya Uba mai jinƙai, mun gode maka domin Yesu, wanda ya ɗanɗana zafi da ƙishirwa da mutuwa saboda mu. Muna kawo gabanka dukan masu kwance cikin azaba yau, a Yuganda, a ƙasarmu, da ko'ina. Ka miƙa hannunka ka warkar. Waɗanda kuma lokacin kiransu ya yi, ka ba su sauƙi, da salama, da tabbacin ceto. Ka ƙarfafa nas-nas da likitoci da iyalai masu kwana a faɗake. Ruhu Mai Tsarki, ka buɗe idanunmu kada mu ga ɗan'uwa mu ratse, ka buɗe hannuwanmu mu bayar da murna. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Furcin bangaskiya: Ina gaskata Allah mai warkarwa ne, ina kuma miƙa hannuna da dukiyata domin jinyar marasa lafiya. Ba wanda zai sha azaba shi kaɗai a inda Ubangiji ya ajiye ni, cikin sunan Yesu.

Abin yi a wannan mako: Ka lissafa ladanka na kwana biyu, ka ware na farko ranar Lahadi. Ka ziyarci majinyaci ɗaya kafin Asabar.

Ƙarin karatu: 2 Korantiyawa 8 da 9, Ayuba 2:11-13, Wahayin Yahaya 21:1-5.